Shekarar 999 da Littafin Tarihin Kano

Da wuya a sami malamin tarihi a makarantunmu wanda bai taɓa rubuta wa almajiransa a allo cewa Bagauda ya ci sarautar Kano a shekarar 999 ba. Yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, a ba su maki. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ya ƙidaya wannan shekara, kuma ta wace hanya?

Littafin nan da a ke kira Tarihin Kano da Larabci aka rubuta shi, ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. H. R. Palmer ya juya shi da Turanci ya buga a 1908, daga baya aka fitar da shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Galibi littafin ba ya faɗin shekarar da sarki ya hau, sai dai ya ce wane ya yi shekara kaza bisa gado. Palmer ne ya tara waɗannan shekaru, ya bi su da baya da baya har ya tsaya a 999. Watau wannan adadi sakamakon lissafi ne, ba shaidar wanda ya gani da ido ba. In mai ba da labari ya ƙara wa sarki guda shekara goma, ko kuwa ya tsallake wani wanda aka tuɓe, to, dukan waɗanda suka gabace shi sun gusa daga mazauninsu.

Wannan bai sa a yar da littafin ba. Lissafin ya ba Muhammadu Rumfa 1463 zuwa 1499, an kuwa sani ta wasu hanyoyi dabam cewa Shaihu Magili ya sauka Kano wajen 1492, ya rubuta wa sarkinta nasiha a kan mulki. A nan shaidu biyu sun haɗu. Amma fa da an wuce Rumfa zuwa baya sai ƙasa ta fara santsi.

Dubi batun Wangarawa. Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali zamanin Yaji, wajen 1349 zuwa 1385, shugabansu Abdurrahmani Zaite. To, a 1968 Muhammad al-Hajj ya buga wani ɗan littafi, Asalin Wangarawa, wanda aka rubuta wajen 1650, shi kuwa ya kawo wannan malami Kano zamanin Rumfa. Tsakanin zance biyun nan akwai kimanin shekara 100, abin da ke cikin ma'auni kuwa ba ƙarami ba ne, don shi ne lokacin da Musulunci ya zauna a fadar Kano. Ni dai a ganina Wangarawa ba sau ɗaya suka zo ba, sunan malamin da ya fi shahara ne aka jingina wa ayarin farko. Mai rubuta Asalin Wangarawa ma ba a sake masa, gama ɗaukaka waɗannan malamai ya sa gaba.

Masu cewa karatun tarihi da adabi hadda ce kurum, ba ya gina gada, ba ya warkad da ciwo, ba su lura da irin wannan aiki ba. Ba kuma Turawa suka kawo mana shi ba. Malaman hadisi sun daɗe suna tambayar wa ya ji daga wa, ko sun yi zamani ɗaya, kafin su karɓi magana.

Ita wannan tambaya aka komo da ita kan littafin kansa. Murray Last a 1980 ya karanta labaran sarakunan farko a matsayin misalai, ba jerin aukuwa ba. John Hunwick a 1994 ya kawo hujja cewa an tsara littafin ne zamanin Bello, bayan 1880, a hannun wani na cikin fada. In haka ne, tsakanin marubucin da Yaji akwai shekara 500, alhali mai Asalin Wangarawa shekara 150 kaɗai ta raba shi da rasuwar Rumfa.