Shekarar Taurari

A ƙasar Gwandu, in kaka ta yi, an yanke gero an ɗaure, dawa kuma ta nuna, ba kowa ke kwana cikin gari ba. Manomin Kambaza da na ƙauyukan da ke kewaye da ita yakan kwana a gona yana tsaron amfaninsa. A wannan lokaci gizagizai sun janye, hazon hunturu kuwa bai yi kauri ba tukuna, saboda haka sama takan yi garau. Duk wanda ya taɓa irin wannan kwana ya san abin nan da akan gani wajen asuba: haske ya tsinke daga sama, ya ja zane kamar an wurga bakin wuta, kafin a ce kwabo ya ɓace. Sai a ce tauraro ya faɗi. Waɗansu su nemi tsari, waɗansu su ce lalle wani babban mutum ya rasu.

Malamai suna kiran wannan haske shihabu, an kuwa ambace shi cikin Alƙur'ani mai girma, wurin da aka ba da labarin jifan shaiɗanu masu satar ji. Zancen rasuwar manya kuwa tsohon zance ne, Larabawan jahiliyya ma haka suke cewa. Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wannan zato, ya bayyana ba a yin jifan nan saboda mutuwar kowa ko haihuwar kowa.

Ɗaya ko biyu a dare ba ya ta da hankali. Amma akwai darare cikin tarihi da abin ya zuba kamar ruwan sama, har jarumai suka firgita. Yau masana suna iya faɗin daren da za a yi haka tun da sauran shekaru. Abin da ya kai su ga wannan sani kuwa, tun kafin madubin hangen nesa ya taimaka, shi ne rubutun waɗansu mutane da suka ga abin, suka ɗauki alƙalami suka sa kwanan wata.

Cikin shekara ta 289 ta Hijira, watau Oktoba 902, taurari suka yi ta watsuwa dama da hagu dare guda, har Larabawa suka sa wa shekarar suna Shekarar Taurari. A cikin watan nan ne Ibrahim ɗan Ahmad ya rasu wurin yaƙi a ƙasar Italiya. Shi ne ya daɗe yana mulkin Ƙairawan, garin mai littafin Risala da almajiranmu ke karantawa. Marubuta suka haɗa rasuwarsa da zubar taurarin. Fassararsu ba ta amfani kowa ba, amma shekarar da watan da suka rubuta sun yi amfani ƙwarai, kamar yadda za a gani nan gaba.

A nan ƙasashen baƙar fata ma an rubuta irin wannan. Cikin littattafan zuriyar Kati a Tambutu akwai wani ɗan rubutu a gefen shafi, wanda ake jingina shi ga Alfa Mahmudu Kati. Ya ba da labari cewa a watan Rajab na shekara ta 991, watau tsakanin Yuli da Agusta 1583, bayan dare ya raba, taurari suka yi ta tashi gabas da yamma, kudu da arewa, kamar an cinna wa sama wuta. Ƙasa ta haskaka, hankalin mutane ya tashi matuƙa, abin bai lafa ba sai bayan alfijir. A lokacin nan zuriyar Kanta ke mulkin Kabi daga Surame. Tsakanin malaman Tambutu da na wannan yanki kuwa littattafai sun daɗe suna kai da kawowa. A Gwandu ne ma, zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi, Bature matafiyi Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sami Tarihus Sudan cikin 1853 ya kwafi abin da ya iya.

Shugabannin jihadi ba baƙi ba ne ga ilmin taurari. Sa'ad da Kyaftin Clapperton ya zo Sakkwato cikin Maris 1824, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama. Shi da kansa ya rubuta cewa Bello ya san buruji duka goma sha biyu, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Bello ɗin nan kuwa shi ne ya wallafa littafi yana gargaɗin jama'a su nisanci masu duba da taurari. Watau a wurinsa sanin tafiyar taurari domin lokaci da alƙibla da noma daban, riya sanin gaibu da su daban. Har yanzu malamai na lissafa wa manoma taurarin shekara 28, kowane kwana 13, sai Jabha mai kwana 14, wadda takan zo a tsakiyar damina. Mai karatu ya riƙe sunan Jabha, za a komo kanta.

Bello na kan gadon sarauta aka yi zubar da ta fi kowace suna. Da asubar ran 13 ga Nuwamba 1833 mutanen Amurka suka farka suka ga sama tana yayyafin wuta. A birnin Boston an ƙiyasta wajen 240,000 suka zuba cikin awa tara. Mutane suka fito waje suna kuka suna roƙon gafara, suna zaton Alƙiyama ta tsaya. Bayi baƙar fata da ke gonakin auduga, waɗanda aka hana su karatu, suka riƙa ƙirga shekarunsu daga daren nan, kamar yadda tsofaffinmu ke ƙirgawa daga wata yunwa ko daga zuwan Turawa. A sa'ar da abin ya yi tsanani can, a Gwandu hantsi ya riga ya yi, domin rana takan fito mana awa biyar ko fiye kafin ta fito musu.

Cikin masu kallo akwai wani malami na makarantar Yale, sunansa Denison Olmsted. Shi tsoro bai hana shi lura ba. Ya tattara labarai daga garuruwa da yawa, ya ga dukansu sun dace a kan abu guda: hasken duka daga wuri ɗaya yake fitowa, cikin burjin Asadu, watau Zaki, wurin kuwa yana tafiya yamma tare da sauran taurari. Da haka ya gane tushen abin yana can wajen duniya, nesa da iska da gizagizai. Wurin nan da ya nuna, a goshin Zaki yake, daidai Jabha. Dalilin da ya sa ake ganin kamar daga wuri ɗaya suke ɓullowa kuwa, manomi ya san shi: in ya tsaya a bakin gona ya dubi kunyoyi, sai ya ga kamar sun haɗu can ƙarshe, alhali kuwa a jere suke, babu wadda ta taɓa 'yar'uwarta.

Bayan shekara 30 wani malamin Yale, Hubert Newton, ya koma ga tsofaffin littattafai na Larabawa da na Sinawa da na Turawa, yana neman duk inda aka ambaci zubar taurari da kwanan wata. Ya sami labarai waɗanda suka jeru tun daga Shekarar Taurari ta 902 har 1833. Cikinsu akwai na 1799, wanda matafiyi Humboldt ya gani a Kumana ta ƙasar Benezuwela. Ya lura ranar tana matsawa gaba kaɗan kaɗan cikin ƙarnuka, shi ya sa abin da ya zo cikin Oktoba a dā ya koma Nuwamba. Da ya yi lissafi sai ya ga babbar zuba tana komowa bayan shekara 33 da rubu'i. Mai karatu ya gwada da kansa: daga 902 zuwa 1833 shekara 931 ke nan, in aka raba da 33 da rubu'i sai a sami 28 cif. Cikin 1864 Newton ya ba da sanarwa a saurari abin a Nuwamba 1866.

Haka kuwa aka yi. Daren 13 wayewar 14 ga Nuwamba 1866 mutanen Turai suka ƙi barci, suka hau soraye suna jira. Bayan tsakar dare taurari suka zuba dubbai. Wannan karo ba a yi kuka ba, sai ƙirgawa aka yi ta yi, ana rubutawa. Abin da kakanninsu suka ɗauka tashin duniya ne, ga shi ya zo a kan alkawari.

Sauran abu guda, watau sanin ko mene ne ke zubowa. Cikin Disamba 1865 wani mai suna Tempel ya hango wata 'yar tauraruwa mai wutsiya daga Marsel ta Faransa, wani kuma mai suna Tuttle ya hango ta daga Amurka cikin Janairu 1866. Da aka auna hanyarta aka ga tana kewaya rana cikin shekara 33. Masana, cikinsu har da Schiaparelli na Italiya, suka gwada hanyar nan da ta taurarin Nuwamba, suka tarar hanya ɗaya ce.

Ga yadda abin yake. Tauraruwa mai wutsiya dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura. In ta kusanci rana sai ta riƙa narkewa tana zubar da tsakuwoyi a bayanta, kamar jakin da aka ɗora wa buhun gero mai huda. Duniya kuwa, cikin kewayenta na shekara, takan ratsa wannan hanya kowane Nuwamba. Tsakuwoyin, waɗanda galibinsu ba su fi ƙwayar gero ba, sukan faɗo cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun mil 44 cikin sakan guda. Zafin gudun nan ke ƙone su tun suna wajen mil 60 a sama, shi ne hasken da ake gani. Ashe ba tauraro ne ke faɗuwa ba. Kowane tauraro na sosai rana ce mai girma da ke can nesa, shi ya sa ko an kwana ana zuba, gobe a tarar Kaza da 'ya'yanta suna nan cif. In jakin bai daɗe da wucewa ba, tsaba takan yi yawa a hanya, shekarar babbar zuba ke nan. Abin ya fi yawa daga tsakar dare zuwa asuba domin a lokacin ne gefenmu na duniya ke fuskantar inda ta nufa, kamar mai gudu cikin ruwan sama, ƙirjinsa ke fara jiƙewa.

Lissafin bai zama ba kuskure nan da nan ba. A 1899 jama'a suka kwana a waje, ba su ga abin kirki ba, suka yi ta yi wa masana ba'a. Daga baya aka tabbatar Mushtari da Zuhalu, manyan duniyoyin nan biyu, su ne suka janye tsakuwoyin daga hanyar duniya. A 1966, ran 17 ga Nuwamba, abin ya komo da ƙarfi a yammacin Amurka, har aka ƙiyasta wajen 40 cikin sakan guda. A 1999 kuwa masana biyu, David Asher da Robert McNaught, suka faɗi sa'ar tun kafin ta zo, ba su kuskure ba sai da 'yan mintoci. Ta zo ran 18 ga Nuwamba, wajen ƙarfe 3 na dare a agogon Nijeriya, Jabha tana sama ta gabas, aka ƙirga wajen 3,000 a awa guda. Ita tauraruwar za ta sake kusantar rana a 2031, in Allah ya kai mu.

Wani lokaci dutse mai girma yakan shigo, wuta ta kasa cinye shi, ya iso ƙasa. Wannan daban yake da tsakuwoyin Nuwamba. Ran 3 ga Oktoba 1962 wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina, yana korar tsuntsaye a gona, sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse cikin ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake. Da masana suka bincika daga baya, suka gane daga duniyar Mirrihu ya fito. An san ranarsa da wurinsa ne domin an kai labari an rubuta.

Wanda ke so ya gani da idonsa ba ya bukatar kuɗi ko na'ura. Zubar Agusta, wajen 12 ga wata, wadda masana ke ganin ita ce aka gani a Tambutu, sau da yawa hadari kan rufe ta a ƙasarmu. Ta 17 ga Nuwamba tana zuwa kowace shekara, ko da yake a shekarun da ba na babbar zuba ba bai fi a ga 10 ko 15 a awa guda ba. Wadda ta fi yawa yanzu ita ce ta 13 da 14 ga Disamba, in hazo bai yi kauri ba. Mutum ya fita bayan gari inda babu fitila, ya ɗauki tabarma da bargo, ya kwanta rigingine, ya ba idonsa wajen minti 20 ya saba da duhu. Daren da babu farin wata ya fi.

In ya gani, kada ya bar abin a baki kawai. Ya rubuta sunan garin, da ranar wata ta Hijira da ta Turawa, da sa'ar da abin ya fara, da ko nawa ya ƙirga, da wajen da suka fito. Wanda ya rubuta layukan nan a gefen littafi a Tambutu bai san wa zai karanta su ba, ga shi bayan shekara 400 da ɗoriya masana na amfani da su. In kuma wani ya zo ya ce taurari sun zuba saboda haka a kawo baƙin bunsuru a kau da bala'i, sai a buɗe masa littafin a nuna masa ranar da suka zuba bara.