Ƙuda

ƙudā [ƙúdáa] *sn., nj.*, *jm.* ƙudā̀jē.

1. Ƙwaro mai fiffike biyu, mai bin ƙazanta da abinci: *~ ya faɗa fura.*

2. Kowane ƙwaro danginsa, har ƙananan da ba su kai ƙwayar gero ba, masu hayayyafa a laka, kamar fadamun Ɗambatta da bakin dam ɗin Watari. (a) Mai cizo, *Culicoides*: macen ke shan jinin tumaki da shanu da almuru, yawanci fiffike dabbare-dabbare. (b) Mai farauta, *Palpomyia*, *Bezzia*: macen ke cafke ƙananan ƙwari ta tsotse, farata dogaye, sau da yawa da ƙayoyi a cinyar gaba. Sai da madubin likita ake rarrabe su.

*Sassaƙa:* ~n tsando, ~n zuma.

*K.m.:* ~, wajen kwaɗayi akan mutu.

*Dubi:* sauro.