Daga Maɗaba'ar Parma Zuwa Bangon Vogue

Duk wanda ya taɓa riƙe kwalbar turare mai tsada ko ya ga bangon mujallar Vogue, ya ga irin haruffan nan ko da bai san sunansu ba. Gefe ɗaya na harafin kakkaura, ɗayan kuma siriri kamar silin gashi, wani lokaci duk jikinsa ya ɗan karkata dama. Yau sun zama alamar ƙasaita, amma a maɗaba'a aka haife su, kuma sun haura shekara 200 a duniya.

Karkatar ce ta fara zuwa. A 1501, a birnin Venice na Italiya, Aldus Manutius ya buga waƙoƙin Virgil da haruffa masu kama da rubutun hannu, waɗanda Francesco Griffo ya sassaƙa masa. Nan rubutun italik ya shiga ɗab'i, kuma a ƙananan littattafai na sawa a aljihu ya fara, babu wata ƙawa a ciki.

Siririn layin kuwa sai da aka jira takarda. A wancan zamani harafi ɗaya aiki ne ja: a sassaƙa shi a kan sandar ƙarfe, a buga sandar a kan jan ƙarfe ta bar gurbi, sannan a zuba narkakkiyar dalma. Idan layin ya cika siranta, ko dai ya karye a wurin matsi, ko kaushin takarda ya haɗiye shi. John Baskerville na Birmingham a Ingila ne ya nuna mafita a 1757, da takarda mai santsi da tawada baƙa wuluk. Mutum biyu suka ɗauki abin suka kai shi maƙura.

A Paris, Firmin Didot ya fara fitar da nasa haruffan tun wajen 1784, yayansa Pierre kuma ya yi amfani da su wajen buga manyan littattafai a fadar Louvre: Virgil a 1798, Racine a 1801. A Italiya kuma akwai Giambattista Bodoni, wanda ni dai labarinsa ya fi jan hankalina. An haife shi a Saluzzo a 1740, ya koyi aiki a Roma a maɗaba'ar Cocin Katolika da ke buga littattafai cikin harsunan Gabas, inda hannunsa ya saba da baƙaƙen Larabci da wasunsu. A 1768 aka kira shi ya riƙe maɗaba'ar sarkin Parma, a can kuma ya zauna har mutuwarsa a 1813. Bodoni yakan bar fili mai yawa a shafi, ya ba layuka tazara, don harafin ya samu sarari. Italik ɗinsa na kumbura yana motsewa yadda alƙalami mai tsini ke yi idan an danna shi an sassauta. Matarsa, Margherita Dall'Aglio, ita ta ƙarasa babban kundinsa na samfurin haruffa, Manuale Tipografico, ta fitar da shi a mujalladi biyu a 1818. Ya kamata a riƙa ambaton sunanta fiye da yadda ake yi.

A ganina nan sirrin yake. Siririn layin shaida ce ta kuɗi da ƙwarewa, domin ba ya fitowa sai da takarda mai kyau da tawada mai kyau da hannun gwani. Da masu ɗab'in araha na ƙarni na 19 suka kwaikwaye shi a ƙananan rubutu a kan takarda maras kyau, sai ya zama abin gajiyar da ido, har William Morris na Ingila ya tsane shi ƙwarai. Laifin na masu aron ne.

Mujallun kayan ado suka dawo masa da martaba. Alexey Brodovitch, wanda ya kula da tsarin Harper's Bazaar daga 1934 zuwa 1958, ya riƙa baza shi manya-manya kusa da hotuna, Vogue ma ta tsayar da sunanta da irinsa a 1955. A 1991 Jonathan Hoefler ya zana wa Harper's Bazaar sabon Didot na kwamfuta, ya yi wa kowane girma nasa zanen, don siririn layin ya ci gaba da zama siriri a kanun labari, kada kuma ya ɓace a ƙaramin rubutu. Abin takaici, da yawa daga irin waɗannan haruffa na kwamfuta ba su da ƙ, ɗ da ɓ, don haka mai zana katin biki da Hausa sai ya yi ta 'yan dabaru.

Wayar hannu ta zo da wata jarrabawa, domin siririn layi na dusashewa a ƙaramar fuska. A 2018 kamfanonin kayan ado Burberry da Balmain suka koma rubuta sunayensu da haruffa masu kauri ɗaya marasa ƙafa, wato babu 'yan layukan da ke ƙarshen sandunan harafi. Zara kuwa ta bi wata hanya a 2019, Fabien Baron ya zana mata suna da salon Didot, haruffan na hawa juna. A 2023 Burberry ita ma ta sake dawo da ƙafafun haruffanta.