Jariran da Suka Tsallake Rijiya da Baya: Ma'ana da Ma'auni

A ilimin likitanci, ana kiran yaro sabon haihuwa daga ranar da ya zo duniya har ya cika kwana 28. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 suka rasu a cikin waɗannan kwanaki a shekarar 2022, kuma kashi uku cikin huɗu na irin wannan rashi a makon farko yake aukuwa, wato kafin ranar suna. Sai dai akwai wani rukuni da ba a cika ƙirgawa ba, shi ne jariran da ciwo ya kai su bakin mutuwa amma suka rayu. Su ne muke nufi a nan.

Asalin wannan tunani daga ɓangaren mata ya fito. A 2009 Hukumar ta fitar da ma'aunin gane macen da ta kusa rasa ranta a lokacin ciki, ko haihuwa, ko cikin kwana 42 bayan haka. Daga nan masana suka yi ƙiyasi a kan jarirai. Hikimar ita ce, waɗanda suka tsira sun fi waɗanda suka rasu yawa, kuma hanya guda suka biyo, don haka nazarin su yana nuna inda aka yi daidai da inda aka yi jinkiri.

Ma'aunin da cibiyar CLAP da ke Montevideo a ƙasar Yurugwai ta gabatar a 2015 kashi biyu ne. Na farko yana duban halin da aka haifi yaro: nauyinsa bai kai giram 1,750 ba, ko bakwaini ne da bai cika mako 33 a ciki ba, ko makinsa na Apgar bai kai 7 ba a minti na biyar. Wannan maki likita Virginia Apgar ta Amurka ce ta ƙirƙiro shi a 1952. Ana duba bugun zuciya, numfashi, ƙarfin gaɓoɓi, launin fata da motsin yaro idan an taɓa shi, kowanne daga 0 zuwa 2, jimla 10.

Kashi na biyu yana duban irin taimakon da aka yi masa, kamar na'urar numfashi, farfaɗo da zuciya, ƙarin jini, maganin jijjiga, tiyata, ko sanya shi ƙarƙashin fitilar shawara a ranar farko.

Wajen lissafi, ana fitar da adadin irin waɗannan jarirai cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai. Sannan a duba: cikin dukkan waɗanda suka shiga hatsari, nawa suka rasu? Idan wannan kaso ya yi ƙasa, alama ce kulawa tana da kyau.

Amma mu lura da abu biyu. Har yanzu ba a haɗu kan ma'ana guda ba, wasu sukan tsaya a kwana 7, wasu su kai 28, shi ya sa kwatanta alƙaluman ƙasashe ke da wuya. Haka nan asibitin da ba shi da na'ura ba zai rubuta cewa ya sa yaro a na'ura ba, sai a zaci babu matsala a can. Wanda aka haifa a gida kuwa, ba a auna shi ba balle a ƙirga shi.

Saboda haka, a haihu a asibiti, a auna jariri ranar haihuwa, a adana katinsa. Wanda ya tsira kuma a ci gaba da kai shi awo, domin ana bukatar bibiyar jinsa, ganinsa da girmansa.