Ganuwar Zariya da Yaƙoƙin Ƙarni na 19

Wanda duk ke so ya fahimci yadda sarakunan Zazzau suka riƙe birninsu a zamanin yaƙi, ya kamata ya sauka daga mota a Ƙofar Doka ya taka da ƙafa. Ganuwar kusan mil goma ce kewayenta, ko da yake ruwan sama da masu ɗibar ƙasar gini sun ci mafi yawanta. Jama'a suna danganta ta da Sarauniya Amina, amma abin da mai tafiya zai fi lura da shi shi ne faɗin filin da ta kewaye, watau an bar wurin noma da kiwo a ciki don kada yunwa ta ci birni in an kewaye shi.

Duk da haka, ranar da aka fi bukatarta ba ta yi amfani ba. Rundunar Malam Musa Bamalli da Yamusa Babarbare ta fito ne daga wajen Kano, kuma labarin da aka fi sani shi ne an kara a Hunƙuyi, cikin ƙasar Kudan ta yau, aka kori mutanen Sarki Makau. Sa'an nan aka ritsa shi kansa a filin Idi, bayan ganuwa, bai sami komawa gida ba, ya yi kudu zuwa Zuba. Mutanen Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja, sun ce a 1804 ne, M. G. Smith ma haka ya bi a littafinsa na 1960. Masu bin takardun Sakkwato sun ce ƙarshen 1808, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, don da wuya a ce Zazzau ta faɗi kafin Kano, wadda aka ci a 1807.

Daga ƙofa zuwa fada tafiya ce kaɗan. Daura da fada ga masallacin Jumma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim (1834 zuwa 1846). A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunanin sarautar. Gidaje huɗu ne suka yi ta karɓarta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, Sakkwato kuwa tana naɗawa tana tuɓewa. Wannan ya hana gida ɗaya danne sauran, amma fa ya raba kan mayaƙa, don kowane sabon sarki yakan sauke hakiman wanda ya gada ya ɗora nasa. Zamanin Sarki Sambo Ningawa suka riƙa kai hari har kusa da ganuwa, aka kuma tuɓe shi a 1888.

Kwasau ya hau a 1897. Da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasarsa, sai ya nemi taimakon Turawa, suka shigo a 1902 ba a harba bindiga a ƙofa ba. Shekara ba ta kewayo ba suka kama shi, daga baya suka kai shi Lakwaja, aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi a 1903. Ranar 29 ga Janairun wannan shekara Kanar Morland ya tashi da sojansa daga Zariya ya yi arewa, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu.