Ƙarin sifirin: daga zamanin gyaɗa zuwa sikelin hanya

Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kuma tsaya a Paraku ta ƙasar Benin a 1936, sauran tafiyar kayan Nijar ta koma wuyan mota. Buhunan gyaɗar Maraɗi da Damagaram a bayan manyan motoci suke sauka Kano, kan hanyar ƙasa mai gargada. Motocin kuwa an ƙera su ne da lissafin lodin Turai. A nan sana'ar ƙarin sifirin ta samo tushe.

Dabarar ba ta da wuya. Maƙeri ya kwance damin sifirin na baya, ya cusa falle biyu ko uku da ya ciro daga mataccen mota, ya ɗaure da dogayen kusoshi. Wani kuma ya bubbuge tsofaffin fallayen ya ƙara musu lanƙwasa. Mota ta tashi sama, bayanta ya daina zama ƙasa in an lafta kaya, ta kuma tsallake ramin da a da take dukan ciki. Haka aka yi wa Bedford, aka yi wa Marsandi 911, aka yi wa a-kori-kura Peugeot 404 da 504. Makanikan Suame a Kumasi sun yi suna a wannan aiki.

Sai dai sifirin kaɗai aka ƙarfafa. Aksul, birki, taya da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Sifirin mai tauri ba ya shanye duka, sai ya miƙa wa shasi, shi ya sa tsagewar takan fito daidai maratayin sifirin. Shakazoba ta asali ta yi gajarta, ta mutu da wuri. Nauyi kuma da ya hau sama, kwana ta zama abin tsoro, balle lodin albasa da aka tula ya wuce kan direba. A ganina ƙarin ya ɓoye wa mai kaya alamar da ke gaya masa lodi ya isa.

A Disamba 2005 ƙasashen UEMOA suka amince da doka mai lamba 14, wadda ta ƙayyade tan 12 ga aksul guda mai taya bibbiyu. An daɗe ana jan ƙafa wajen aiki da ita, amma inda sikeli yake, nauyi ake aunawa. Mota mai falle ashirin da mai falle goma, in sun zarce ƙa'ida, tara da sauke rarar kaya ke jiransu duka.