Tarihin Sunayen Farkon Fim: Daga "Yarinyar Biograph" Zuwa Farantin Abinci

Shirin yau na ɗaliban da ke haɗa fim ɗin kammala karatu ne, musamman masu barin rubuta sunaye sai daren da za a miƙa aiki.

A farkon sinima a Amurka ba a sa sunan ɗan wasa, don kamfanoni na tsoron in ya shahara zai nemi ƙarin kuɗi. Florence Lawrence ta fito a finafinai da yawa, amma "Yarinyar Biograph" kawai ake ce mata, da sunan kamfanin da take yi wa aiki. Sai bayan Carl Laemmle ya ɗauke ta, a 1910 ya fara tallata ta da sunanta. Shi ya sa nake jin haushi in na ga ɗalibi ya sa nasa sunan sau huɗu, ya manta abokin da ya wuni a rana yana riƙe masa makirfo. Da wannan layin abokin zai nemi aiki gobe.

Ko da sunaye suka samu shiga, an daɗe ana ɗaukarsu tamkar allon sanarwa. Wanda ya fi kowa sauya wannan shi ne Saul Bass, mai zane ɗan New York. A 1955 Otto Preminger ya ba shi fim ɗin The Man with the Golden Arm, labarin wani da ke fama da allurar ƙwaya. Bass bai nuna fuskar Frank Sinatra ba, duk da shi ne jarumin. Baƙin fage ya sa, fararen layuka na shigowa tare da kiɗa, a ƙarshe suka koma karkataccen hannu. Kafin wani ya buɗe baki ka riga ka san akwai damuwa. A Psycho na Hitchcock kuwa, 1960, sunayen da kansu suke tsagewa, kamar hankalin mutumin da za ka haɗu da shi.

Kar ka ce ai su suna da kuɗi. Napoleon Dynamite na 2004 daga gajeren fim ɗin ɗalibai ya samo asali, Peluca, wanda Jared Hess ya yi yana jami'ar Brigham Young. Me suka yi da sunayen? Sun rubuta su da miya a kan farantan abinci, wasu a katin makaranta da littafin laburare, hannu na ajiyewa yana ɗaukewa a gaban kyamara. A wurina wannan ya fi haruffa masu walƙiya da ake saukewa daga intanet, don daga farantin farko ka gane irin yaron da za ka kalla da irin gidansu.